Shafin intanet na asibiti: wa zai buɗe shi, me kuma zai tarar?

Tambaya: Ni likitan iyali ne, ina da ƙaramin asibiti a cikin garin Gombe. Wani matashi ya kawo mini tayin buɗe wa asibitin shafin intanet, ya nuna mini samfuri mai kyan gani. Shin abin zai amfani irin mutanen da muke dubawa? In zan yi, ta yaya zan gane mai inganci, wanda kowa zai iya amfani da shi?

Likita, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Na yi aiki a ɗakin ajiye katin marasa lafiya kafin in koma gina wa cibiyoyin lafiya shafuka, don haka amsata za ta zo daga ɓangarorin biyu. Ka yi shafin, yana da amfani. Amma kafin ka ba kowa ko sisi, ka ajiye samfurin nan a gefe tukuna, ka fara da tunanin wanda zai buɗe shi.

Sau da yawa ba majinyacin da kansa ne zai buɗe ba. Ɗansa ne, ko 'yar ƙanensa da ke karatu a Jami'ar Jihar Gombe, ko maƙwabci mai babbar waya. Suna Kumo ko Dukku ko Bajoga, dare ya yi, jikin tsoho ya matsa, ana shawara a tsakar gida ko a nemi mota da asuba a shigo Gombe ko a ƙara kwana. Abin da suke son sani bai taka kara ya karya ba. Gobe akwai likita? Ƙarfe nawa ake fara yankar kati? Nawa za a riƙo? Ana karɓar inshora? A zo da shi bai ci komai ba saboda gwajin suga, ko ya karya? Ta ina ake bi? Shafin da ya amsa waɗannan cikin minti ɗaya, a kan waya mai araha, alhali sabis yana zuwa yana ɗaukewa, shi nake kira mai inganci. Duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya samo tushe.

Yanzu ka tuna samfurin da aka nuna maka. Na tabbata ya buɗe da manyan hotuna masu zamewa, na Turawan likitoci suna murmushi a wani asibitin da ba naka ba. Ƙasa da su akwai burin asibiti da manufarsa da Turanci, sai jawabin maraba na shugaba. Lambar waya tana can ƙarshe da ƙananan haruffa. Wannan tsari an yi shi ne don ya burge mai biyan kuɗin aikin, wato kai. Wanda ke tsaye a kan marar lafiya ba ya cikin lissafin.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Ingila kusan kowa yana da asibitin likitan unguwa da ya yi rajista da shi, kuma ta shafin asibitin ne mutane da yawa ke neman ranar ganin likita ko sabunta magani. A 2018 suka yi dokar da ta wajabta wa hukumomin gwamnati su sa shafukansu su zama masu sauƙin amfani ga masu nakasa, a 2019 kuma hukumar lafiyarsu ta NHS ta fitar da manhajarta ta waya ga jama'a. Duk da haka sai da NHS ta rubuta wa waɗannan asibitoci jagora ta musamman a kan yadda shafi ya kamata ya kasance, domin mutane suna shiga suna ɓacewa cikin sanarwa da bayanan da ba su nema ba. Zuciyar jagorar ita ce a gano 'yan abubuwan da suka fi kawo mutane, a sa su a gaba, a rubuta su da harshe mai sauƙi. Wannan darasin ya dace da mu. Amma jerin abubuwan nasu ba namu ba ne, kada ka bari a kwafo maka shi. Can ganin likita kyauta ne a wurin majinyaci. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Tambayar farko a nan ita ce kuɗi.

Na san likitoci ba sa son jin wannan. Za ka ce farashi yana canzawa kowane wata, kuma asibitin da ke bayan layinka zai gani ya rage nasa. Gaskiya ne, amma asibitin can ya riga ya san farashinka, yaro ɗaya zai aiko ya tambaya. Wanda bai sani ba shi ne magidancin da zai sayar da buhun masara kafin ya taso. In ya riƙo abin da bai isa ba, ko dai ya tsaya yana roƙon mai karɓar kuɗi a gaban jama'a, ko ya koma da majinyaci ba a yi gwajin ba. Na ga wannan ya faru a bakin tagar kati fiye da yadda zuciya za ta so, kuma shi ya sa nake dagewa a kan batun. Ba sai ka jera komai ba. Kuɗin kati, kuɗin ganin likita, awon ciki, da gwaje-gwajen da aka fi yi kamar na maleriya da suga da hoton ciki, sun isa. Ka rubuta ranar da aka sa farashin a gefensa, ka ƙara da cewa a kira a tabbatar. Ka faɗi ko ana karɓar taransifa da POS. Batun inshora ma a fito da shi fili: tun da aka sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) a 2022, kuma ga GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jiharmu, mutane da dama suna riƙe da kati ba su san inda zai yi musu aiki ba. In kana karɓa ka ce kana karɓa, da abin da za a zo da shi. In ba ka karɓa, faɗin hakan ma taimako ne, ka hutar da mutum kuɗin mota.

Sama da farashi, a can ƙololuwar shafin, wurin bayanin gaggawa ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa, amma ni da kai mun san ƙaramin asibiti yana da iyaka. Ka faɗi iyakarka da gaskiya. Kuna buɗe da dare? Akwai likita a lokacin ko nas ce kawai? Kuna yin tiyatar haihuwa? Akwai jini? In mace mai ciki tana jijjiga ko jini ya ɓalle mata, ko fuskar dattijo ta karkace hannu ya saki, shafin ya gaya wa iyali kada su jira amsar saƙo, su nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, in har kai ba za ka iya riƙe su ba. Saran maciji kuwa kowa ya san Kaltungo ce cibiyarsa, amma wanda ya ruɗe yana buƙatar a tuna masa. A lokacin rani da zazzaɓin Lassa ke tashi, musamman da yake maƙwabciyarmu Bauchi tana cikin jihohin da ya fi addaba, layi ɗaya mai ɗauke da lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato 6232, ba zai ci maka wuri ba. Wani zai ce kana korar kwastoma zuwa wani wuri. Ni a ganina asibitin da ya gaya mini gaskiyar abin da ba zai iya ba, shi zan koma wa da hawan jinina shekara da shekaru.

Sai nauyin shafin. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, kuma mutanenka da yawa datar kwana ɗaya suke saye. Hoto guda da aka ɗauka da waya aka ɗora ba a rage shi ba yana iya kai megabait 3 zuwa 5. Ka sa wa mai ginin sharaɗi cewa shafin farko gaba ɗayansa kada ya wuce megabait 1, in ya yi rabin haka ma ya fi. Ban da bidiyo mai kunna kansa. Lambar waya ta zama wadda in an taɓa ta take kira. Adireshi kuma a rubuta shi yadda ake yi wa ɗan acaba ko mai Keke Napep kwatance, da sunan unguwa da masallaci ko gidan man da ke kusa, a haɗa da hoton ƙofar asibitin na gaskiya.

Yanzu ga ɓangaren tambayarka da ya fi damuna, wato ko kowa zai iya amfani da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da nakasa mai tasiri. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yankinmu na Arewa maso Gabas ne ya fi kowane yawa. Wannan a cikin jama'a gaba ɗaya ke nan. Ka dubi benci na ɗakin jiranka: mai suga da ganinsa ya fara dushewa, mai yanar ido, wanda ɓarin jikinsa ya shanye yake riƙe waya da hannu ɗaya, tsohuwar da hannunta ke rawa. Masu wahalar amfani da shafi sun fi yawa a cikin marasa lafiya fiye da a kasuwa ko banki. Saboda haka asibiti ya fi kowa wajabcin kula da wannan.

Akwai ma'aunin da duniya ke bi, sunansa WCAG, wanda ƙungiyar W3C ke fitarwa. Na baya-bayan nan shi ne 2.2, na shekarar 2023. Ka tambayi matashin ko ya san shi. In bai taɓa ji ba, wannan ba dalilin korarsa ba ne, amma ya je ya karanta kafin ya taɓa aikinka. Kada kuma ka ɗauka manyan shafuka sun tsira: cibiyar WebAIM tana duba shafukan farko guda miliyan ɗaya kowace shekara, kuma kullum fiye da kashi 90 cikin 100 ake samu da kuskure. Wanda ya fi yawa shi ne rubutu mai dishi-dishi a kan farin fili, irin toka-tokan nan da masu zane ke so. Ma'aunin ya ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai 4.5 a kan 1, kuma mutum ya iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da shafin ya wargaje ba. Baƙi a kan fari bai taɓa cutar da kowa ba.

Kuskuren da ya fi zama namu kuwa shi ne fosta. Ana zana jadawalin likitoci ko sanarwar rigakafi a matsayin hoto mai launi, irin wanda ake turawa a WhatsApp, sai a manna shi a shafi a ce an sa bayani. Makaho yana amfani da wayarsa ta hanyar manhajar da ke karanta masa rubutun kan allo, TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone. Manhajar tana karanta rubutu, amma in ta iso kan fosta sai ta ce hoto ne kawai ta wuce. Ranar da likitan ido ke zuwa tana cikin hoton, kuma wanda ya fi kowa buƙatar sanin ranar shi ne aka rufe wa ƙofa. Duk bayanin da ke cikin fosta dole a sake rubuta shi da haruffa a ƙasa. Kowane hoto mai ma'ana a ba shi ɗan bayani a ɓoye wanda manhajar za ta karanta. Kowane akwatin da ake cikewa ya kasance da sunansa, suna ko lambar waya, yadda za a ji shi da kunne.

Kurma kuma akasin haka ne matsalarsa. In hanyar tuntuɓa ɗaya ce tak, kiran waya, to sai ya nemo wani ya kira masa, ya kuma gaya wa wannan mutum ciwon da watakila ba ya son kowa ya sani. Ka ba da lambar da ake tura saƙon rubutu, ka faɗi tsawon lokacin da ake ɗauka kafin amsa, kuma a riƙa amsawa. In ka sa bidiyon wayar da kai, a sa rubutun abin da ake faɗa a ƙasansa. Maɓallan taɓawa su zama manya, da tazara a tsakaninsu.

Shafin ya kuma bayyana yadda ginin kansa yake. Dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, kuma wa'adin ya wuce. Ko ka gyara ko ba ka gyara ba tukuna, ka rubuta yadda abin yake: akwai gangaren keken guragu ko matakala ce, ɗakin likita a ƙasa yake ko a sama, banɗaki zai shigu da keke. A nan ne kuma za ka sa wani bayanin da ba za ka same shi a jagorar Turawa ba, amma a wurinmu yana yanke hukuncin zuwa ko ƙin zuwa: ranakun da likita mace ke zama. Mata da yawa suna jinkirta zuwa asibiti saboda wannan kaɗai.

Harshe ma hanyar shiga ce. Hausa ta zo a farko, Turanci ya biyo baya da maɓalli ɗaya. Kuma Hausar ta zama irin wadda nas ɗinka ke yi wa majinyaci bayani da ita, kada a zuba Turanci a injin fassara a kwaso abin da ya fito. Ka zauna da ma'aikatanka ku rubuta da kanku, jimloli gajeru. Ka duba da idonka ko haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa daidai, domin wasu nau'o'in rubutu da masu zane ke zaɓa ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma. Muryar da ke karanta rubutu a yawancin wayoyi da Turanci ta saba, tana kwaɓa Hausa, ga kuma ɗimbin mutanen da boko bai zauna musu ba. Maganin duka biyun abu ɗaya ne mai arha: ka ɗauki muryar wani ma'aikaci na minti ɗaya yana faɗin lokutan aiki da kwatance da abin da za a zo da shi, a sa maɓallin saurare a sama. In kana da ma'aikaci mai jin Fulfulde ko Tangale ko Tera ko Waja, a yi da harshensa ma, gwargwadon mutanen da ke zuwa maka.

Batun sirri ba zan tsawaita ba, kai ka fi ni saninsa, sai dai in nuna inda masu gina shafi ke jefa likitoci cikin matsala. Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Fom ɗin neman ganin likita ba ya buƙatar tarihin ciwo, suna da lamba da ranar da ake so sun wadatar. Adireshin shafin ya fara da https, alamar cewa ana kulle bayanan da aka tura ta shafin a kan hanya. Lambar WhatsApp ta kasance a wayar asibiti, kada ta zama ta wani ma'aikaci da zai tafi da sakamakon gwajin mutane ranar da ya bar aiki. Hotunan marasa lafiya a kan gado, ko na kafin tiyata da bayanta, ka ƙi su gaba ɗaya. Za a ba ka shawarar sa kalmomi irin su asibiti mafi kyau a Arewa maso Gabas. Ka san ƙa'idojin ɗa'a na MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a ƙasar nan, ba su yarda likita ya tallata kansa haka ba. Sunayen likitoci da ƙwarewarsu ta gaskiya sun isa, kuma suna taimaka wa mutane su bambance ka da masu shagon magani da ke kiran kansu dakta.

Abin da ke kashe yawancin shafukan asibitoci kuwa yana zuwa ne bayan an gama biki. Wata shida, likitan da aka rubuta ya koma Abuja, lambar waya ta mutu, farashin na bara ne. Shafi irin wannan kamar allon kwatance ne da ke nuna hanyar da ruwa ya cinye gadarta, gara babu shi. Ka ba mutum ɗaya a asibitin amanar shafin, da sunansa, kuma a koya masa canza lokaci da farashi daga wayarsa ba sai an nemo mai ginin ba. Lokutan azumi da na Sallah da na Kirsimeti a sa su kafin su zo. A ƙasan shafin a riƙa nuna ranar da aka sabunta. Bayanan da ke kan Google Maps da Facebook su zo daidai da na shafin, don mutane da yawa can za su fara ganinka, kuma rajistar asibiti a taswirar Google kyauta ce. In kuɗi ya yi maka wuya a yanzu, ka fara da ita da shafi mai fuska ɗaya tak.

Sunan shafin, ko mai ƙarewa da .ng ne ko .com.ng, a yi rajistarsa da sunan asibitin da imel ɗinka, kalmomin sirri kuma su kasance a hannunka tun ranar farko. Ana sabunta rajistar duk shekara, ka sa a rubuta maka nawa ne da wanda zai biya. Na san asibitocin da suka rasa shafinsu saboda yaron da ya gina ya tafi bautar ƙasa ya canza layi.

Ranar karɓar aiki kada ka duba shi a kwamfutar mai ginin. Ka ari wayar mai shara ko maigadi, ka kashe wayafai, ka buɗe da data. Ka miƙa wa wata dattijuwa daga ɗakin jira, da izininta, ka ce ta nemo maka ranar awo, kai kuma ka yi shiru ka kalli inda yatsanta ke tsayawa. Ka kunna TalkBack ka rufe ido ka gwada kiran asibitin, ko mafi kyau ka gayyato makaho mai amfani da waya daga ƙungiyarsu ta jiha, ka biya shi ladan lokacinsa. Mai ginin kuma ya gwada shafin da manhajar gano kurakuran shafi, Lighthouse da ke cikin Chrome ko WAVE, dukansu kyauta ne, ya nuna maka sakamakon, ko da yake injin ba ya kama duk kurakurai. Ka rubuta waɗannan gwaje-gwaje a cikin yarjejeniya tun farko, ka riƙe kashi na ƙarshe na kuɗin har sai an gyara abin da suka fito da shi.